Yadda Malamar Makaranta Za Ta Koma Aikin Jinya Ba Tare da Ta Yi Biyu Babu Ba

Duk malamar da ta yi shekaru tana koyarwa a Bilbis ko Kucheri ko Wanzamai ta san halin da gida ke shiga idan naƙuda ta zo wa mace da gardama cikin dare. Ba kullum ake samun ƙwararriyar ma'aikaciya a ɗakin shan maganin gari ba, hanyar Tsafe kuwa ba kowa ke iya bin ta bayan magariba ba saboda 'yan bindiga. Ga shi mata sun fi sakin jiki idan mace 'yar'uwarsu ce ke duba su, mazajensu ma haka suka fi so. Wannan ne ke sa ran wasu malamai ya karkata ga aikin jinya bayan sun girma sun tara iyali. Wasu kuma albashin koyarwa ne ya gaza kai su ƙarshen wata. Duka dalilai ne na gaskiya, babu abin kunya a ciki, kuma abin yana yiwuwa. Sai dai yana da tsari, wanda ya yi gaggawa kuwa shi ke rasa aikin da ke hannunsa bai samu wanda yake nema ba. Da ke nake, malama, amma malam mai irin wannan niyya shi ma ya karanta, domin hanyar ɗaya ce.

Fara da sakamakon sakandare

Kafin ki gaya wa kowa, buɗe jakar takardunki ki ɗauko sakamakon WAEC ko NECO. Takardar NCE da kika samo daga Kwalejin Ilimi ta Maru ko Kwalejin Ilimi ta Tarayya da ke Gusau tana da daraja, amma ba ita za ta buɗe miki ƙofar makarantar jinya ba. Majalisar Kula da Aikin Jinya da Ungozoma ta Najeriya, wadda aka fi sani da NMCN, kiredit biyar take nema: Turanci, Lissafi, Fiziks, Kemistiri da Bayoloji, kuma a zama ɗaya ko biyu, ba fiye ba. Kiredit na nufin daga A1 zuwa C6. Idan kin bi layin da yatsa kin ga D7 a gaban Kemistiri, to ba ki da shi, ko da kuwa an rubuta cewa kin ci.

Yawancin malaman da suka karanta Hausa, Arabiyya, addinin Musulunci ko nazarin zamantakewa za su tarar suna da Turanci da Lissafi, amma darussan kimiyya uku babu su. Idan haka ne, lissafinki mai sauƙi ne amma mai tsauri. Tsohon sakamakon ya cinye zama ɗaya, saboda haka tilas ki ci Fiziks da Kemistiri da Bayoloji gaba ɗaya a sabon zama. Idan kin ci biyu kin faɗi ɗaya, sai kin sake rubuta duka ukun. Shawarata ita ce ki yi rajistar duka darussa biyar ɗin, domin idan Allah ya ba ki sa'a kika haɗa su a takarda ɗaya, kin huta da makarantun da suka fi son zama ɗaya.

A nan ne aikin yake, kuma a nan mafi yawan masu niyya ke sarewa. Ki ba kanki shekara guda cur. WAEC da NECO duk suna da jarrabawar masu zaman kansu da ake rubutawa wajen ƙarshen shekara, kuma a irin wannan jarrabawar ba a shiga ɗakin gwaje-gwaje, a takarda ake amsa tambayoyin firatikal. Wannan sauƙi ne ga wadda ba ta da inda za ta taɓa kwalba da sinadari, amma sai ta san zanen kayan aikin da yadda ake cike teburin sakamako. Nemi malamin kimiyya na sakandaren da ke kusa da ke, ku yi yarjejeniyar lesin bayan la'asar ko ranakun Asabar da Lahadi, ki biya shi haƙƙinsa. Ki sayi littattafan tambayoyin shekarun baya, ki riƙa amsa su da agogo a gabanki. Idan akwai wata malama mai irin burinki a Tsafe ko Bungudu, ku haɗa kai ko ta WhatsApp ne.

Ina roƙonki kada ki je cibiyar da ake biyan kuɗi a rubuta wa mutum amsa a allo. Ban da haramci da haɗarin a riƙe sakamako, Kemistirin da ba ki karanta ba yana nan yana jiranki a watannin farko na makarantar jinya, inda babu mai rubuta miki. Bayan haka kuma ran mutum za a damƙa a hannunki.

Kada kuma wani ya ce miki macen karkara mai aure ba ta iya cike wannan giɓi. Shirin Women for Health, wanda gwamnatin Birtaniya ta ɗauki nauyinsa daga 2012, ya yi aiki a Zamfara, Katsina, Kano, Jigawa da Yobe, kuma babban abin da ya yi shi ne ɗauko mata daga ƙauyuka, a ba su karatun share fage har su samu kiredit ɗin kimiyya su shiga makarantun jinya da ungozoma. Da yawansu matan aure ne masu goyo. Ke da kika saba da littafi da alli kin fi su kusa da bakin ƙofa.

Daidaita suna da shekaru

Wannan gajeren mataki ne, amma yana iya cinye shekara. Jera takardar haihuwa, takardar firamare, sakamakon sakandare, katin NIN da takardar shaidar ƙaramar hukuma, ki duba ko suna da ranar haihuwa sun zo ɗaya. Idan nan Hauwa'u ce can Hauwa, ko wata takardar na ɗauke da sunan mahaifi wata na miji, ki gyara tun yanzu, domin JAMB daga NIN take kwaso bayanan mutum. Kada ki rage shekaru. Wasu makarantu suna sanya iyakar shekaru a sanarwar ɗaukar ɗalibai, wasu ba sa sanyawa, saboda haka karanta sanarwar da kanki, kuma idan wannan ta rufe ki nemi wata.

Wace hanya za ki bi?

Ta kusa ita ce Kwalejin Koyon Aikin Jinya ta Jihar Zamfara da ke Gusau. Akwai kuma makarantun jinya na asibitocin koyarwa a Sakkwato, Zariya da Kano. Tsohon tsarin da aka saba da shi shekara uku ne, mutum ya fita da rajistar RN. Yanzu makarantu a faɗin ƙasar suna komawa tsarin difloma, wato ND shekara biyu da HND shekara biyu, kuma ta JAMB ake shiga, inda za ki rubuta Turanci, Fiziks, Kemistiri da Bayoloji. Je ofishin rajistara da ƙafarki ki tambayi wane tsari suke kai a bana, yaushe fom ke fitowa, kuma ko akwai jarrabawar tantancewa da intabiyu. Kada ki sayi fom a hannun ɗan tsakiya.

Hanya ta biyu ita ce digirin jinya a jami'a, kamar Jami'ar Usmanu Danfodiyo, Jami'ar Ahmadu Bello ko Jami'ar Bayero. Shekara biyar ne, sannan shekara guda ta sanin makamar aiki a asibiti. Ya fi tsawo, gasar shiga ta fi zafi, amma ya fi saurin ɗaga mutum a aikin gwamnati. Ga mai shekara talatin da 'yan kai da ke da yara a gida, ni kwaleji nake ba ta shawara, digirin ta ƙaro shi daga baya tana aiki.

Akwai kuma kwas na shekara biyu na jinya ko ungozoma ta al'umma, wanda aka tsara don waɗanda za su koma garuruwansu su yi aiki. Ki tambaya ko ana ɗauka a shekarar da kike nema, ki kuma fahimci cewa lasisinsa bai kai na cikakkiyar nas faɗi ba.

Mutanen Bilbis da kewaye sukan fara tunanin Kwalejin Kimiyyar Lafiya da Fasaha ta Tsafe, tunda ita ce a ƙofar gida. Tana horar da jami'an lafiyar al'umma, waɗanda ake kira CHEW, da sauran ma'aikatan lafiya, kuma su ne ƙashin bayan ƙananan asibitocin karkara. Aiki ne mai mutunci, ga wadda ba za ta iya barin gida zuwa Gusau ba ma yana iya zama mafi dacewa. Amma ki sani CHEW ba nas ba ce, hukumar da ke yi musu rajista daban ce, matakin albashi da ci gaba ma daban.

Abin da za ki guje wa gaba ɗaya shi ne asibiti mai zaman kansa ko kemis da zai karɓi kuɗinki ya ɗinka miki farin yunifom, ya koya miki allura da ƙarin ruwa, ya ce kin zama nas. Majalisa ba ta san wannan takarda ba, gwamnati ba ta ɗaukar aiki da ita, kuma ranar da aka samu matsala ke za a kama. Kowace makaranta kika nufa, a duba miki sunanta a jerin waɗanda NMCN ta amince da su kafin ki biya ko kwabo.

Kada ki ajiye aiki

Kada ki rubuta takardar barin aiki don kawai kin sayi fom. Jira sai takardar samun gurbi ta zo hannunki, sannan ki nemi hutun ƙaro ilimi a rubuce. Malamar firamare za ta bi ta hannun hedimasta zuwa sakataren ilimi na ƙaramar hukuma, daga nan zuwa SUBEB a Gusau. Ta sakandare kuma ta hannun shugaban makaranta zuwa hukumar da ta ɗauke ta. Hutun iri biyu ne, mai albashi da marar albashi. Tunda karatun da za ki yi ba na koyarwa ba ne, kada ki gina lissafinki a kan mai albashi. Ko marar albashin ne, ya fi ajiye aiki, domin sunanki na nan a fayil. Ki riƙe kwafin kowace takarda da aka buga wa hatimi, ki kuma tambayi reshen ƙungiyar malamai ta NUT yadda waɗanda suka gabace ki suka yi. Tafiya ba izini kina karɓar albashi kuwa cin amana ne ga yaran da aka bari babu malami, kuma tantance ma'aikata na iya tona shi.

Maganar gida ita ma a yi ta da wuri. Zauna da maigida ki faɗa masa gaskiyar abin: shekara uku ko huɗu, kwana a makaranta, dutin dare, da duba maza marasa lafiya. Idan akwai wata babbar nas da yake girmamawa, ko wani dattijo a dangi, a sa su cikin zancen. A tsayar da wanda zai riƙe yara tun kafin ranar tafiya. A ɓangaren kuɗi, ban da kuɗin makaranta akwai yunifom, littattafai, agogon aiki, abin awon jini, abinci, kuɗin mota da kuɗin jarrabawar majalisa a ƙarshe. Shiga adashi tun shekarar da kike gyara sakamako, ki kuma tambaya ko makarantar tana cikin waɗanda asusun lamunin ɗalibai na NELFUND ke biya wa.

Cikin makaranta

Watannin farko su ne rariya. A tsohon tsari ana kiran su PTS, wata shida na karatun sassan jiki da yadda suke aiki da tushen aikin jinya, kuma wanda ya faɗi jarrabawar ƙarshensu gida yake komawa. Sai bayan an tsallake ne makaranta ke tura sunan ɗalibi majalisa a ba shi lamba. Ki tabbata kin ga lambarki da idonki, domin babu ita babu jarrabawar ƙarshe.

Daga nan sai ɗakin marasa lafiya, a wurare irin su Cibiyar Lafiya ta Tarayya da Asibitin Ƙwararru na Yariman Bakura a Gusau. Za ki gyara gado, ki ɗauke fo, ki wanke ciwo mai wari, ki sa yatsu a wuyan hannun tsohuwa kina ƙirga bugun jini idonki na kan agogo, ki rubuta a takardar da ke ƙafar gado. Mai ba ki umarni tana iya zama yarinyar da kika koya wa baƙi da wasali a aji biyu, yau tana gaba da ke da shekara guda. Ki ce mata to, ki yi abin da ta ce, domin a nan ita ce babba. Abin da kike da shi wanda ba ta da shi zai fito ranar da aka kawo yaro mai gudawa, uwarsa a ruɗe, kika zaunar da ita kika nuna mata yadda ake haɗa ruwan gishiri da sukari, kika sa ta maimaita har ta iya, kamar yadda kika saba a aji.

Jarrabawar majalisa ta masu jinya ana yin ta a watannin Mayu da Nuwamba, da ɓangaren kwamfuta da na aiki a gaban masu dubawa. Idan ba ki saba da kwamfuta ba, fara taɓa ta tun lokacin JAMB. Bayan cin jarrabawa sai rajista da lasisi, wanda ake sabuntawa lokaci-lokaci bayan halartar bita.

Da lasisi a hannu, idan kin riƙe aikinki na gwamnati, ki rubuta neman sauya layin aiki zuwa ɓangaren lafiya, ko a Hukumar Kula da Asibitoci ko a Hukumar Lafiya a Matakin Farko. Ki tambaya a rubuce a wane mataki za a ajiye ki, da kuma yadda za a lissafa shekarun da kika yi kina koyarwa wajen fansho, tun kafin ki sa hannu. Takardar NCE da rajistarki ta TRCN kuma ki adana su da kyau. Makarantun jinya suna neman malamai masu digirin jinya da shaidar ilimin koyarwa, kuma idan kin ƙaro digirin nan gaba, shekarun da kika yi a gaban allo za su taimake ki wajen neman wannan gurbi.