Kada A Zubar Da Aisi: Yadda Ake Sarrafa Shi Don Gyara Sauti

Aisi shi ne ɗan baƙin abin nan mai ƙafafu jere da ake gani a cikin rediyo da rakoda. Sau da yawa na'ura takan mutu alhali aisin da ke cikinta lafiya lau yake. Maimakon a jefar da shi a juji, ko a ƙona allon don neman jan ƙarfe, ana iya cire shi a haɗa ƙananan na'urorin sauya sauti a gida. Ƙona allon yana fitar da hayaƙi mai guba, kuma dalmar da ke jikinsa tana cutar da ƙwaƙwalwar yara.

Iri huɗu masu amfani

Kowane aisi yana da lamba a bayansa. A fara karanta ta.

1. Lamba 555. Hans Camenzind ne ya tsara shi, aka fara sayar da shi a 1972. Ƙafafunsa 8. Da razista biyu da kafasita ɗaya yakan fitar da ƙara mai kaifi. Idan aka haɗa guda biyu, ana samun kukan jiniya.

2. Lamba LM386. Shi ma ƙafafunsa 8, kuma batir mai bolt 9 ya ishe shi. Yana ninka ƙarfin sauti sau 20. In aka sa kafasita tsakanin ƙafa ta 1 da ta 8, sai ya kai sau 200, muryar jita ta yi kauri da gurnani.

3. Lamba 4558. Yana da yawa a cikin tsofaffin rakodoji. Irinsa ne aka sa a cikin Tube Screamer, na'urar kamfanin Ibanez na Japan wadda makaɗan jita ke ji da ita.

4. Lamba PT2399. Ƙafafunsa 16, ana samunsa a cikin akwatunan lasifika masu makirufo. Yana riƙe murya kamar sulusin daƙiƙa sannan ya maimaita ta, wato amsa-kuwwa. Razistan da ke ƙafa ta 6 shi ke ƙayyade tsawon jinkirin. Bolt 5 kawai yake ɗauka. In aka ba shi 9 kai tsaye, zai ƙone.

Yadda ake ƙirga ƙafafu

A kwantar da aisin rubutunsa na kallon sama, ƴar tsagar da ke jikinsa tana hannun hagu. Ƙafar farko a layin ƙasa ita ce ta 1. A ƙirga zuwa dama, sannan a hau layin sama a dawo hagu. Wanda ya juya shi ya yi asararsa.

Gargaɗi

A cire na'ura daga wuta kafin a buɗe ta. Manyan kafasitoci suna riƙe wuta ko bayan an kashe, musamman na tsohuwar talabijin mai ƙwalba. A bar wannan ga ƙwararru. Kada a bar ƙarfen narka dalma a kan ƙafa fiye da daƙiƙa kaɗan, domin zafi na kashe aisi. A yi aiki inda iska ke shiga, a wanke hannu kafin a ci abinci. Mai koyo ya tsaya ga batir, kada ya taɓa wutar gida.

Ɗalibai da masu gyaran rediyo su tanadi gwangwani, su riƙa tara aisi bisa lambarsa. Da yayyafi kogi kan cika.