Yadda Malamin Sana'a Zai Shirya wa Shugabancin Makaranta

Iya walda ko haɗa wayar lantarki daban, iya riƙe makaranta daban. Malamin sana'a a Gusau, Tsafe ko Bunguɗu da ke hangen kujerar firinsifal, ga hanyar da zai bi, daki-daki.

Fara da takardar koyarwa. In HND ce a hannunka, daga kwalejin Ƙaura Namoda ko daga kwalejin Abdu Gusau ta Talatar Mafara, gwani ne kai, amma da sauranka kafin hukuma ta kira ka malami. Nemi difilomar koyarwa ta PGDE a Cibiyar Malamai ta Ƙasa, NTI, mai hedikwata a Kaduna. Ana yin karatun ba sai an ajiye aiki ba. Mata kuwa sun yi dace, domin Kwalejin Ilimin Fasaha ta Tarayya da ke Gusau tasu ce zalla.

Daga nan sai rajista da TRCN, hukumar rajistar malamai da aka kafa a 1993. Tun 2017 sai an ci jarrabawarta, kuma a kwamfuta ake yi, don haka ka saba da ita tun kafin ranar. A rajistar, mai NCE rukunin D yake, mai digiri C, mai digiri na biyu B.

Sai karatun shugabancin kansa. Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato da ta Ahmadu Bello a Zariya suna ba da digiri na biyu a fannin gudanar da ilimi da tsara shi. Wanda bai da sarari ya nemi gajeren kwas na cibiyar NIEPA da ke Ondo. Kowanne ka zaɓa, rubuta takardar neman izini ta hannun shugabanka zuwa ma'aikatar ilimi, ka adana kwafi. Kada ka tafi da izinin baka.

Matakin da aka fi sakaci da shi, kuma a ganina ya fi sauran amfani, shi ne horon masu tantance ƙwarewa da hukumar ilimin fasaha, NBTE, ke kula da shi. A can ake koyon yadda za a tsaya a kan yaro yana aiki, a duba walda ta kama ko ba ta kama ba, a rubuta shaida. Shugaban da bai san wannan ba, duk makin da aka kawo masa sai ya sa hannu.

Kafin takardun su kammala, roƙi a ba ka kula da sito na zango guda. Buɗe littafi, ka ƙirga zarto da guduma ɗaya bayan ɗaya, ka rubuta injin da ya mutu da ranar da ya mutu. Lissafa katako da waya da man janareto da jarrabawar aikin hannu ta NABTEB za ta ci, ka miƙa wa firinsifal tun farkon zango, ya samu lokacin nemo kuɗin.