Naman Barewa Ya Ƙi Laushi

Tambaya: Maigidana ya sayo naman barewa a hannun maharba. Na dafa shi kamar na akuya, sai ya yi tauri, ga ƙarni. Yaya zan yi? Daga wata uwargida, Kwanar Dangora.

Amsa: 'Yar'uwa, kwantar da hankalinki. Barewa gudu take sha, namanta ba kitse, wuta mai ƙarfi kuwa busar da shi take yi. Ki yanka shi ƙanana, ki jiƙa a ruwan tsamiya da citta da tafarnuwa na awa biyu, ƙarnin zai tafi. Ki soya albasa da man shanu, ki zuba naman, ki rage wuta, ki bar shi ya dahu a hankali har ya soma dagargajewa.

Mutanen Sami na arewacin Norway, masu kiwon wata irin barewar ƙasar ƙanƙara, da dankalin Turawa da karas suke dafa tasu, ba sa cika yaji. Ki gwada hakan, amma ni dai sai na jefa masoro kaɗan.

Sannan maigida ya riƙa tambayar inda aka harbo barewar, don an hana farauta a dajin Falgore.