Mu Koyi Kwamfuta: Wa Ke Gadin Ƙofar VPN?

'Yan uwa ɗalibai, VPN ɓoyayyiyar hanya ce da ma'aikaci ke bi ta intanet ya shiga kwamfutocin ofis daga gida.

Da zarar ya rubuta sunansa da kalmar sirri, sai uwar garke, wato babbar kwamfutar ofishin, ta miƙa su ga tsarin tantancewa mai suna RADIUS. Shi kuma sai ya duba rumbun bayanai, kamar MySQL. In sun dace, a buɗe masa ƙofa.

Ranar da ya bar aiki, a goge sunansa daga rumbun, ƙofa ta rufe. Amma rumbu bai san fuska ba: duk wanda ya zo da kalmarka, kai ne. Kada ka ara wa kowa ita.