Yadda Za Ka Yi Idan Lens Ya Ƙi Zama a Ido Ko Gani Ya Yi Dishi-Dishi

A kakar bara, daidai lokacin da injinan casar masara suka turnuƙe Funtua da ƙura, aka yi bikin wata ƙanwata. Da hantsi mai kwalliya ta manna mata lens mai ruwan zuma. Kafin la'asar ido ɗaya ya kaɗa ya yi jawur, hawaye na wanke hoda, jama'a na cewa kukan barin gida ne. Ita kuwa ta raɗa min, "Yaya, ji nake kamar an zuba min yashi." Ba ta yarda an cire ba sai bayan isha, don kada hotuna su lalace. Mako uku ta yi tana jelen asibiti a Zariya, har yau kuma akwai ɗan farin tabo a gefen baƙin idon.

Lens, wato ɗan siririn tabaran nan mai taushi da ake ɗorawa a kan baƙin ido, ya shigo yankinmu ta ƙofa biyu: ɗalibai da ma'aikatan da suka gaji da gilashi, da kuma amare masu son sauya launin ido. Dukkansu ƙasa ɗaya suke takawa, ƙasar hazon hunturu, ƙaiƙayin dawa, burtsin auduga da hayaƙin itace. Ga abin da za ka yi idan ya dame ka.

Mataki na farko: cire shi. Kada ka murza ido, kada ka ce bari a ƙarasa taro. Wanke hannu da sabulu, ka tsane shi sosai da tawul mai tsabta, ka ɗaga ido sama, ka janyo lens ɗin ƙasa zuwa kan farin ido da ɗan ali, sannan ka tsunko shi a hankali da tsokar yatsu biyu, ban da farce. Idan ya bushe ya manne, ɗiga ruwan jiƙa ido wanda aka rubuta a jikinsa cewa ya dace da lens, ka rufe ido na 'yan mintuna har ya saki. Idan kuma ya ɓace maka, kwantar da hankalinka, ba shi da hanyar zagayawa bayan ƙwayar ido, domin akwai wata 'yar fata da ta haɗe fatar ido da farin ido ta toshe wurin. Yawanci ya naɗe ne a ƙarƙashin fatar sama. Kalli ƙasa, ka shafa fatar a hankali, zai gangaro.

Mataki na biyu: saurari idon bayan ka cire. Wannan ne ma'aunin da zai raba maka ƙaramar matsala da babba. In raɗaɗin ya lafa cikin mintuna kaɗan, laifin yana jikin lens ɗin, sai ka ci gaba da bincike. In kuwa ciwo ya ci gaba, ko haske yana kashe maka ido, ko kwantsa tana fita, ko gani bai dawo daidai ba ko da ka sa gilashinka, ko ka hango farin ɗigo a kan baƙin ido, to tsallake duk sauran bayanin nan ka tafi mataki na ƙarshe yau-yau.

Mataki na uku: duba lens ɗin a wuri mai haske. Ɗora shi a kan yatsa ka kalle shi ta gefe. Wanda yake daidai kamar ƙoƙo yake, bakinsa na kallon sama. Wanda ya juye bai-bai kuwa bakinsa yana buɗewa waje kamar faranti. Irin wannan yana yawo a ido, yana sukar fatar ido duk ƙiftawa. Juya shi kawai. Sannan ka nemi tsaga a gefensa ko gashin ido ko ɗan ƙaiƙayi da ya maƙale. Wanda ya yage ko yaya ne, a yar. Wanda ya yi datti, a zuba masa ruwan wankinsa a tafin hannu, a cuɗa da yatsa kamar daƙiƙa 20, a ɗauraye da wannan ruwan dai, a mayar.

A nan zan ɗan daɗe, domin nan ne mutanenmu suka fi faɗawa. Wajen wanki da ajiya, ruwan wankin lens na kwalba ne kaɗai ya halatta ya taɓa shi. Ruwan famfo, na rijiya, na burtsatse, na leda, har wanda aka tafasa ya huce, duk ba su dace ba, balle yawu. Akwai wata ƙwayar cuta mai suna Akantamiba da ke rayuwa a ruwa da ƙasa. Shan ta ba ya cika yin lahani, amma idan ta samu mafaka tsakanin lens da baƙin ido tana cin idon ne a hankali, da azababben ciwo, maganinta kuma yana ɗaukar watanni. Saboda haka a cire lens kafin kowane irin wanka, kada kuma a shiga rafi ko dam irin na Mairuwa da shi. Wajen alwala a runtse ido sosai lokacin wanke fuska. Malamai sun yi bayani cewa cikin ido ba ya cikin abin da aka wajabta wankewa. Shi ma ɗan akwatin ajiyarsa, a zubar da tsohon ruwan kullum a zuba sabo, kada a yi ciko a kan na jiya, a kife shi ya bushe, a sauya shi duk wata 3.

Mataki na huɗu: idan babu ciwo amma gani ya ƙi daidaita, bi waɗannan ɗaya bayan ɗaya. Fara da musanya: sau da yawa na dama ne ya koma hagu, alhali lambarsu ba ɗaya ba ce. Rufe ido ɗaya ka gwada, sannan ɗayan. Ka saba farawa da dama kullum, kamar sa takalmi, ka huta da wannan.

Idan gani yana washewa da zarar ka ƙifta, sannan ya sake yin hazo, bushewa ce. Daga Nuwamba zuwa Maris iskar yankin nan ba ta da laima, lens mai taushi kuwa da ruwa yake rayuwa, in bai samu ba sai ya zuƙe hawayen idonka. Kallon waya yana ƙara abin, don mai kallon waya ba ya ƙifta ido yadda ya kamata. Ɗiga ruwan jiƙa ido, rage awannin sawa, ka guji zama a saitin fanka. Idan hazon ba ya gushewa da ƙiftawa, wataƙila maiƙo ne ya lulluɓe shi: man shafawa, hoda, ko kwalli. 'Yar'uwa, ki fara sa lens kafin kwalliya, ki cire shi kafin ki goge ta, kada kuma ki ja kwalli a cikin bakin fatar ido muddin yana ciki.

Wani lokaci kuma lambar ce tun asali ba taka ba. Lambar gilashi da ta lens ba lallai su zo ɗaya ba, domin gilashi yana zaune ne kimanin milimita 12 daga ido, shi kuwa lens a kansa yake. Da zarar lamba ta haura 4.00 bambancin yana fitowa fili. Bayan lamba akwai lanƙwasa da faɗi, waɗanda za ka gani a jikin kwali an rubuta BC da DIA, misali 8.6 da 14.2. Wanda ya yi maka yawa zai riƙa zamewa, wanda ya matse zai shaƙe baƙin ido, shi kuwa baƙin ido ba shi da jijiyoyin jini, daga iska yake samun numfashinsa. Mai baƙin ido da bai yi zagaye sosai ba yana buƙatar wani nau'i na musamman da ake kira torik, wanda in ya ɗan juya a ido komai sai ya yi inuwa biyu. Wanda ya haura shekara 40 ya ga nesa tar amma rubutun waya ya gagara, wannan shekaru ne, gilashin karatu zai ɗora. Mai ciwon suga kuwa da ganinsa ke sauyawa daga safe zuwa yamma, ya fara auna sugansa. Duk waɗannan mai gwajin ido ne zai warware su. Mai sayarwa a WhatsApp ko shagon kayan kwalliya ba shi da na'urar aunawa. Ko lens na ado da ba shi da lamba yana buƙatar awo, kuma araha ba ta ado.

Mataki na biyar: san ranakun da za ka haƙura da shi. Ranar casa ko shiƙa, ranar feshin maganin ciyawa ko watsa taki, ranar cin kasuwar hatsi ta Dandume, doguwar tafiya a babur daga Malumfashi zuwa Kafur ko Bakori, duk ranakun gilashi ne. Ƙwayar ƙura ɗaya in ta shige ƙarƙashin lens, kowace ƙiftawa gogar baƙin ido take yi. Ƙarzunar da ganyen masara ko ƙaiƙayi ya yi ta fi haɗari, domin tsirrai na ɗauke da ƙwayoyin funfuna masu haddasa gyambon ido. Kada ka kwana da shi, ko barcin rana ne. Binciken hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ya nuna kwana da lens yana ninka haɗarin kamuwa da cutar ido sau 6 zuwa 8. Lens na yini ɗaya a yar da shi da dare, na wata ɗaya a ƙirga daga ranar da aka buɗe, ko sau biyu kacal aka sa. Lokacin ciwon ido na afolo kuwa a ajiye shi gaba ɗaya, a zubar da wanda aka sa da akwatinsa.

Mataki na ƙarshe: asibiti, a ranar. Gyambon baƙin ido yana iya yin mummunar ɓarna cikin kwana ɗaya ko biyu, abin da yake bari kuma shi ne hakiya. Fara da sashen ido na babban asibitin Funtua ko na Malumfashi. Idan aka tura ka gaba, asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika yana kan hanyarka kafin ka shiga Zariya, akwai Cibiyar Ido ta Ƙasa a Kaduna, akwai kuma asibitin ido na ECWA a Kano ga wanda ya bi ta Gwarzo. Tafi da lens ɗin, da akwatinsa, da kwalbar ruwan, domin likita na iya gano ƙwayar cutar daga jikinsu. Kafin ka isa kada ka ɗaure idon da tsumma, kada a ɗiga maka nonon uwa ko ruwan suga ko ruwan wani ganye. Kada kuma ka karɓi maganin ɗigawa a kemis don kawai yana kashe ja: waɗanda ke ɗauke da deksametason ko betametason suna sa ido ya yi fari na ɗan lokaci, gyambon kuma yana ci gaba da ci a ƙarƙashi.

Ku kuma masu yi wa amare kwalliya, don girman Allah, lens ɗin da ya shiga idon wata kada ya shiga idon wata, ko an jiƙa shi kwana bakwai. Idan amarya ta ce yana sukar ta, ku cire mata nan take, a yi hoton da idon da Allah ya ba ta.