Kafin Ka Biya Kuɗin Ƙarin Garanti

Duk wanda ya tashi a Tamale ya san yadda ake cinikin kayan wuta tun da can. Mutum ya shiga Aboabo ko babbar kasuwa, ya ga rediyo ko fanka ko firijin da ya kwanta masa a rai, mai shago ya jona a gabansa, ya ga ya kama, a daidaita, a yi wa juna fatan albarka. In abin ya lalace da wuri sai ya dawo da shi, wani dattijo ya shiga tsakani, a raba asara. Yau kuwa manyan kantuna sun shigo gari, ga shagunan masu sayar da Samsung da Hisense da Nasco da LG, ga masu ba da kaya bashi a riƙa biya kaɗan-kaɗan ta waya, sai takarda ta maye gurbin dattijo. Cikin takardun da irin wannan ciniki yake zuwa da su akwai wadda ta daɗe a Amurka da Turai, kuma duk inda manyan kantuna suka kafu takan biyo baya. Ka gama biyan kuɗin talabijin, ɗan kanti ya ce ka ƙara wani abu a tsawaita maka garanti da shekara biyu ko uku. Abin da muke so mai karatu ya gane shi ne, ga yawancin mutanen Tamale, a kan yawancin kayan da suke saya, wannan ƙari ɓarnar kuɗi ne.

Da farko a rarrabe abubuwa uku da ake cuɗawa. Akwai garantin kamfanin da ya ƙera kayan, wanda galibi shekara ɗaya ne ko biyu, kuma kuɗinsa yana cikin farashi tun asali. Akwai haƙƙin da doka ta ba mai saye ko da ba a rubuta masa komai ba. Sannan akwai ƙarin garanti, wanda wata haja ce dabam da ake sayar maka, da nata farashi da tata riba. Na biyun shi ne wanda jama'a ba su sani ba. Dokar Sayar da Kaya ta Gana ta 1962, doka mai lamba 137, a sashenta na 13, ta ɗora wa mai sayarwa sharaɗin cewa kayansa ba su da aibin da bai bayyana ba kuma mai saye bai sani ba, sai fa aibin da ya kamata mai saye ya gani lokacin da ya duba kayan. Idan kayan irin waɗanda ɗan kasuwar ya saba sayarwa ne, rubutun nan da ake yi a gindin rasit cewa abin da aka saya ba a mayarwa ba ya soke wannan sharaɗi. Sai dai doka ba ta jiran mai jan ƙafa, wanda ya riƙe kaya har lokaci ya ja zai iya rasa damar mayarwa. Musulmi ma ba baƙon wannan hukunci ba ne, domin littattafan fiƙihun Malikiyya da ake karantawa a zaurukan Zango, tun daga Risala, sun hana ɓoye aibin haja, sun kuma ba mai saye zaɓin mayar da ita.

To, me ya rage wa ƙarin garanti ya kare? Masu ƙera na'urori sun daɗe da sanin cewa kayan lantarki sun fi lalacewa a lokaci biyu. Ko dai a farkon rayuwarsu, lokacin da kuskuren masana'anta yake fitowa fili, ko a ƙarshenta, lokacin da tsufa ya ci ƙarfinsu. Na farko garantin kamfani ya riga ya ɗauke shi. Na ƙarshe kuwa yana zuwa ne bayan ƙarin garanti ya ƙare. Shekarun da ake sayar maka su ne na tsakiya, waɗanda na'ura ta fi zama lafiya a cikinsu. Mu yi lissafi da misali, kowa ya sa nasa farashin. A ce talabijin na sidi 4,000 ne, an nemi sidi 400 don ƙarin shekara biyu, gyaran da aka saba yi masa kuma bai wuce sidi 1,000 ba. Mutum goma suka saya, an tara sidi 4,000. Kafin kuɗin su koma hannun masu saye, sai talabijin huɗu cikin goma sun lalace a wannan ɗan tsakani, kuma lalacewar da takarda ta yarda da ita. Kayan da huɗu cikin goma suke mutuwa kafin shekara uku ba garanti suke bukata ba, gudunsu ya kamata a yi. Cikin kuɗin nan ne kuma ake fitar da ladan ɗan kanti da ribar kanti da ta kamfanin da ya tsara takardar, shi ya sa za ka ga an fi dagewa a kan garantin fiye da yadda aka dage a kan talabijin ɗin.

Wannan lissafi duk duniya haka yake. Amma akwai dalilin da ya shafi Tamale musamman, kuma shi ne ya fi nauyi. A tambayi duk mai gyaran talabijin ko firiji a garin nan abin da ya fi kawo masa aiki. Zai ce wuta ce, ta zo da ƙarfi ta ƙona allon wutar talabijin, ko ta zo a raunane injin firiji ya yi ta nishi har ya ƙone. Mutane ba su manta shekarun dumsor ba, musamman 2015, lokacin da yawan ɗauke wuta da kawo ta suka kashe kayan gidaje masu yawa a faɗin ƙasa. Zai ce tsawa ce a farkon damina, wadda takan biyo waya ko eriya ta shigo ɗaki. Zai ce ƙurar hunturu ce da take toshe kafofin iska, sai zafin Maris da Afrilu, wanda yakan kai digiri 40, ya ƙarasa abin da ƙura ta fara. Ga ɓera, ga kyankyaso, ga yaro da ƙwallo. Yanzu sai a ɗauko takardar garanti, a juya bayanta, a karanta ƙananan rubutun da ba a son ka karanta. Abin da aka saba togewa a irin waɗannan takardu shi ne hauhawar wuta, tsawa, ruwa, ƙwari, faɗuwa, fashewar gilashi, da taɓawar duk wani mai gyaran da ba na kamfani ba. Wato abubuwan da suke kashe kaya a Tamale su ne daidai waɗanda aka cire, aka bar maka aibin masana'anta, wanda tuni ya nuna kansa ko ya wuce. Kamar wanda gobara ta dama ne a sayar masa da laima.

Ko an yarda a gyara, akwai sauran tafiya. Tamale zuwa Akara ya kai wajen kilomita 600, Kumasi kuma kusan 400. Idan wurin gyaran da takarda ta amince da shi yana can kudu, ko kuwa sai an jira kayan gyara daga can, sai a tambaya wa zai biya kuɗin mota, wa zai ɗauki asara in gilashi ya tsage a hanya, kuma mako nawa mai sayar da ƙanƙara ko zoɓo za ta zauna ba firiji ana tsakiyar zafi. Sau da yawa mutum yakan gaji ya kai wa mai gyaran unguwa, kuma da zarar an kwance ƙusa ɗaya garantin ya tashi.

Saboda haka kuɗin da za a zuba a takarda gara a zuba su inda cutar take. Sitabilaiza mai kyau, da ɗan akwatin nan da yake jinkirta shigar wuta cikin firiji bayan an kawo, da soket mai tsare hauhawar wuta, sun fi kowace takarda amfani a garin nan. A sa ma'aikacin wuta mai lasisin Hukumar Makamashi ya duba wayoyin gida, ya tabbatar an kafa ƙarfen da yake kai wuta ƙasa, domin gidaje da dama an ja musu waya ne yadda aka ga dama. In hadari ya haɗo a zare filogi da wayar eriya, wannan ko kwabo ba ya ci. Idan kuma wutar layi ce ta yi ɓarna, akwai ƙofar da ake bugawa. A fara kai kuka ga NEDCo, kamfanin da yake raba wuta a arewa, wanda hedikwatarsa take nan Tamale. In ba a gamsu ba a wuce PURC, hukumar da aka kafa a 1997 don sa ido a kan masu ba da wuta da ruwa, wadda take karɓar ƙorafin jama'a kuma tana da ofis a garin nan. Abin da ya rage na kuɗin a ajiye shi, ko a adashi ko a waya, da sunan gyara. Ajiyar nan ba ta toge tsawa, ba ta tambayar rasit, kuma in shekara uku ta wuce lafiya tana nan a hannun mai ita.

Wani zai ce, ai kwanciyar hankali ma abin saye ce, kuma talaka ba shi da ƙarfin ɗaukar babbar asara a rana ɗaya. Gaskiya ne, kuma a kan haka aka gina inshora. Amma inshora tana da amfani ne a kan asarar da za ta durƙusar da gida, irin gobara ko haɗarin mota ko doguwar jinya. Mutuwar fanka ko tukunyar dafa shinkafa ba ta cikin wannan sahu. Kwanciyar hankalin da za ta watse ranar da aka ce maka wuta ce ta ƙona, ba ma biya, ba ta kai kuɗinta ba.

Hujjar da ta fi ƙarfi ga masu goyon bayan ƙarin garanti ita ce ta tsadar rayuwa, kuma ya kamata a ba ta haƙƙinta. A watan Disamba na 2022 hauhawar farashi a Gana ta kai kashi 54.1 cikin ɗari, darajar sidi ta zube, kayan gyara kuma duk da dala ake shigo da su. Wanda ya biya kuɗin gyara a gaba, da farashin jiya, ya yi wayo ke nan, yayin da mai ajiya yake kallon kuɗinsa suna narkewa. Wannan magana tana da ƙanshin gaskiya. Amma a duba ko takardar ba ta ƙayyade cewa ba za a biya fiye da farashin da aka sayi kayan ba, ko ma a rage saboda tsufa, domin in haka ne tsadar ta dawo kan mai saye. Sannan tsadar da ta kama ka ta kama wanda ya yi maka alkawari. Shagon da ya karɓi sidi 400 a bara, bana kayan gyara suka ninka, zai nemi kowace kafa ta zillewa, in ma bai rufe ba. Shi ya sa tambayar wanda yake tsaye a bayan takarda ta fi tambayar farashinta muhimmanci. Kamfanin da ya ƙera ne, ko kamfanin inshora mai rajista da Hukumar Inshora ta Ƙasa, ko kuwa shagon ne kawai da hatiminsa? Ko a Ingila, inda masu saye suke da gata, sai da hukumar sa ido kan gasar kasuwa ta binciki wannan ciniki a 2003, ta ga ana kwarar mutane, aka yi doka a 2005 da ta tilasta manna farashin ƙarin garanti kusa da farashin kaya, ta kuma ba mai saye kwana 45 ya fasa ya karɓi kuɗinsa cif. Inda babu irin wannan kariya, mai saye shi ne ɗan sandan kansa.

Saura abin hawa, inda asara take da girma. Yawancin motocin da suke kan titunanmu gwanjo ne da aka sauke a tashar Tema, wasunsu ma sun yi haɗari a Amurka aka saye su a gwanjon kamfanonin inshora aka gyara. Irin waɗannan garantin kamfani ya riga ya fita daga kansu, har majalisar Gana ta yi doka a 2020 don hana shigo da waɗanda suka yi haɗarin, ko da yake an jingine aiwatar da ita. Duk wanda ya yi maka tayin garanti a kan irin wannan mota, gara ka ba da kuɗin ga amintaccen bakanike ya shiga ƙarƙashinta, ya sa kwamfuta ya duba injin da giya, kafin ka biya. Sabuwar mota kuwa, irin waɗanda Volkswagen ya fara harhaɗawa a Akara a 2020 da Toyota a Tema a 2021, tana zuwa da nata garanti na shekaru, kuma a nan ƙari zai iya yin ma'ana, domin giyar zamani mai sarrafa kanta da kwamfutar injin ba abin da ake gyarawa a gindin bishiya ba ne. Sharuɗɗa ne dai masu tsauri. Dole a riƙa yin juye a garejin kamfani a kan kari ana buga hatimi, kuma taya da batir da birki da kuloci da kayan ƙasa, wato abubuwan da hanyar ƙauye take ci, ba sa ciki. Mai babur da masu kekunan nan masu taya uku, yalo-yalo da motokin, su lura da abu guda kafin komai: takardu da yawa ba sa ɗaukar abin hawan da ake haya da shi. Direban da zai yi jigila daga Aboabo zuwa Sabalugu kullum, ya sa a nuna masa layin da ya ambaci haya, a karanta masa shi da harshen da yake ji, a gaban shaida, kuma ya tafi da takardar gida ya kwana da ita kafin ya sa hannu.