Ciwon Diddige a Wurin Direban Babbar Mota

Fadamar Gulma tana ba da shinkafa rani da damina, amma sai da direba take isa kasuwa. Shi ke kai ta injin casa na WACOT da aka buɗe a Argungu a 2017, ko na Labana a Birnin Kebbi. Wani kuma ya yi lodi ya nufi Legas, ya bi ta Jega, Yawuri, Kontagora da Jebba. Duk tsawon wannan hanya yana zaune wuri guda. Ƙafar hagu tana kan kuloci, ta dama tana tsakanin totur da birki. Shi ya sa direbobi da yawa ke kuka da diddige.

Ga yadda ciwon yake. Direba ya kwana a tasha, ya shimfiɗa tabarma a gefen mota. Da asuba ya tashi zai yi alwala. Yana sa ƙafa a ƙasa sai ya ji kamar ya taka ƙusa. Ya ɗingisa kaɗan, zafin ya lafa. Ya hau mota ya yi awa uku yana tuƙi, da ya sauko ciwon ya dawo sabo.

A ƙarƙashin tafin ƙafa akwai wata jijiya mai faɗi da kauri. Ta taso daga ƙashin diddige ta tafi har gindin yatsu, a ɗaure kamar tsirkiyar baka. Ita ke riƙe da ƙafa idan mutum ya taka. Idan aka matsa mata da yawa, sai ta riƙa tsagewa kaɗan-kaɗan a daidai inda ta haɗu da ƙashi. Lokacin barci ko dogon zama takan ƙanƙance. Takun farko ne ke fizgar ta, shi ne zafin nan na asuba. Dogon zama kuma yana ɗaure naman sharaɓa da agara, su kuma su ja diddige ta baya. Ƙiba tana ƙara wa abin nauyi.

Abu biyu sun fi cutar da direba, kuma duka biyun yana iya barin su yau. Na farko dirowa daga kan mota. Kan tirela yana da tsawo, kwalta kuma ba ta lotsawa, duk nauyin jiki a kan diddige yake sauka. Ka juya fuskarka wajen mota, ka kama ƙarfe da hannu biyu, ka sauko taki ɗaya-ɗaya. Na biyu silifa. Ɗauki taka ka duba bayanta. In wurin diddige ya cinye ya zama kamar takarda, ba ta tare maka komai. Nemi takalmi sau-ciki mai taushin ciki, wanda diddigensa ya ɗan ɗaga. Kuɗinsa bai kai na kwana uku da za ka yi a kwance ba lodi ba.

Babban magani shi ne miƙa jijiya, kuma kyauta ne. Kafin ka taka ƙasa da safe, zauna ka ɗora ƙafar a kan gwiwa. Kama yatsun ka ja su sama wajen ƙwauri, ka ƙirga 10, ka saki. Yi haka sau 10. Idan ka tsaya salla a hanya, dafa jikin mota da hannu biyu. Mai da ƙafa mai ciwo baya, diddige a manne da ƙasa, gwiwa a miƙe. Karkata gaba har ka ji sharaɓa tana ja, ka ƙirga 30. Yi sau uku. Wanda ya haɗa wannan da lokutan salla ba zai manta ba. Da dare kuma sayi robar ruwa mai ƙanƙara, ka sa ta a ƙasa ka riƙa mirgina ta da tafin ƙafa na minti 15. Gyara kujerarka yadda za ka take kuloci har ƙasa ba tare da miƙe ƙafa sosai ba. In kulocin ya yi tauri, bakanike ya duba shi.

Ana bukatar haƙuri. Ciwon nan ba ya tafiya a mako guda. Amma likitocin ƙashi sun ce cikin mutum 10, kusan 9 suna samun sauƙi kafin shekara ta zagayo, ba tare da tiyata ba.

Abin da ya fi damuna shi ne ƙwayoyin da ake talla a tasha. Ibuprofen da diclofenac suna rage zafi, amma yawan shan su, musamman ba a ci abinci ba, yana kawo gyambon ciki, yana kuma lalata ƙoda. Tramadol kuwa yana kama mutum ya kasa bari, yana sa jiri da barci, har da farfaɗiya. Mai riƙe da sitiyarin tirela ba shi da haɗi da shi. Kada kuma ka yarda a yi maka sakiya ko tsaga a diddige, ko allura a kyamis. Ciwon yana ciki, yanka fata sabon miki kawai zai ƙara maka.

Akwai lokacin da dole a je asibiti. Idan kana da ciwon suga kuma ƙafa tana dindiris ko ta yi miki, ko da faso ne, kada ka jira. Haka in ka diro ka ji wani abu ya tsinke, ko ka kasa taka ƙafar sam. In sharaɓa ɗaya ta kumbura ta yi zafi bayan doguwar tafiya, yana iya zama jini ne ya daskare a jijiyar jini. Wannan a ranar ake zuwa, ba a matsa shi, ba a kai shi wurin mai ɗori. Akwai Babban Asibitin Argungu, akwai kuma Asibitin Sir Yahaya a Birnin Kebbi.

Kai da ka iya karatu, ka karanta wa direbobin tasharku wannan darasi. Ka fara da yaran mota, domin su ne suka fi kowa dirowa.